Mayar da Kayan Adon Lambu Abin Zubo Ruwa a Tafkin Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Mai ɗan tafkin ado a harabar gida, ko ba daɗe ko ba jima sai ya dubi wani tsohon tulu ko tsuntsun siminti da ke yashe a gefen furanni, ya ce ina ma a ce ruwa na fitowa daga bakinsa. Aikin ba ya buƙatar babban gwani. Sai dai ruwan da aka ɗaga daga tafki dole ya koma cikinsa gaba ɗaya, kuma ya koma da tsabtarsa, kuma yawancin tambayoyin da masu wannan aiki ke maimaitawa a kan haka suke.

Wane irin kayan ado ne zai yi wannan aikin?

Kusan duk abin da tiyo zai iya ratsawa, wanda kuma ba ya narkewa ko ruɓewa a ruwa: randa ko tulun yumɓu, tukunyar fure mai sheƙi, kaskon da ake zuba wa tsuntsaye ruwa, mulmulallen dutse, kifi ko kwaɗon siminti. Tukunyar fure ta fi kowanne sauƙi, domin ta zo da hudarta a gindi. Sai kayan roba mai tauri da na faiba, waɗanda galibi cikinsu fanko ne, hudarsu ba ta cin minti biyar. Aibinsu rashin nauyi, sai an cika gindinsu da tsakuwa, in ba haka ba su taso saman ruwa ko iska ta kifar da su.

Dabarar kanta tsohuwa ce. A fadar Alhambra da ke Granada a Sifaniya, zakuna 12 na dutsen mabul suna ɗauke da wani babban kasko tun ƙarni na 14, ruwa na fita ta bakunansu, kuma gangara ce kawai aka dogara da ita wajen tura ruwan sa'ad da aka gina wurin. Kai da kake da ɗan injin lantarki mai tura ruwa, naka aikin ya fi nasu sauƙi nesa ba kusa ba.

Wanne ne bai kamata ya taɓa ruwan ba?

Idan akwai kifi, a nisanci jan ƙarfe da tagulla. Ruwan da ke wucewa a kansu dare da rana yana kwasar sinadarinsu kaɗan-kaɗan, shi kuma yana lalata matattarar numfashin kifi, yana kashe katantanwa da ƙananan halittun ruwa. Da shi ake haɗa wasu magungunan kashe gansakuka, wannan kaɗai ya isa ya nuna ƙarfinsa. Haka dalma, haka ƙarfe mai rufin zinki. Baƙin ƙarfe ba shi da dafi irin nasu, amma tsatsarsa za ta rina ruwan da duwatsun. Ƙarfe marar tsatsa ba shi da matsala.

Tsohon fenti ma abin tuhuma ne, musamman wanda ke ɓarewa. Amurka ba ta hana sa dalma a fentin gidaje ba sai 1978, wasu ƙasashen kuma sun makara ƙwarai fiye da haka, don haka abin da ba ka san asalinsa ba ka kankare fentin a jiƙe, nesa da tafkin. Tukunyar yumɓu da ta daɗe tana shan taki ko maganin ƙwari ita ma tana riƙe da su a jikinta. A jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa, ko a haƙura da ita.

Dutse kuwa gwajinsa a hannu yake. Ɗiga masa ruwan khal. Idan ya yi kumfa, dangin mabul ne ko dutsen farar ƙasa, zai riƙa ɗaga pH ɗin ruwa a hankali, wato ma'aunin da ke nuna ko ruwa ya karkata ga tsami ko ga kanwa. A babban tafki wannan ba abin tashin hankali ba ne, a ƙarami kuwa sai an riƙa aunawa. Giranit ba ya yin komai.

Nawa na kankare ne. Da gaske zai iya kashe kifi?

Sabo zai iya. Sa'ad da siminti ke ƙamewa yana samar da farar ƙasa a cikinsa, kuma ruwan da ke maƙale a ƙananan ƙofofin sabon kankare pH ɗinsa yana kaiwa 12 zuwa 13. Kifin ado irin su koyi da kifin zinariya suna son ruwa tsakanin 7 da 8.5. Kada tazarar ta ruɗe ka ka ga kamar kaɗan ce, kowane mataki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne. Wani abin kuma, amoniyar da kifi ke fitarwa ta fi yin dafi idan pH ya hau, don haka illar biyu ce a haɗe.

Kankaren da ya shekara yana shan rana da ruwan sama galibi ya riga ya huce a waje. Amma ka tuna hudar da za ka yi masa sabon ciki za ta buɗe, kuma ta nan ne ruwan zai riƙa bi. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce ga sabo da tsoho: nutsa shi a babban baho, auna pH ɗin ruwan kafin ka sa shi, ka sake aunawa bayan kwana biyu ko uku. Idan ya hau, zubar ka sake cikawa, haka har ya daina hawa. Sabon zubi a bar shi ya cika kwana 28 tukuna, wato lokacin da magina ke ba kankare ya yi ƙarfi, sannan a fara jiƙon, wanda shi ma yakan ci makonni.

Mai gaggawa zai iya shafe shi da fentin hana shan ruwa wanda aka rubuta a gwangwaninsa cewa na tafkin kifi ne. Yana aiki, amma a ganina jiƙon ya fi, domin shafen yakan sauya launin abin, ya ba shi wani ƙyalli da ba a so, kuma bayan 'yan shekaru sai an sake.

Yaya zan huda shi ba tare da ya fashe ba?

Kowane jiki da bakin hudar da ya dace da shi. Kankare da dutse suna son bakin huda na magina. Tangaran da yumɓu mai sheƙi suna son baki mai garin daimon, mai rami a tsakiya. Roba da faiba, bakin katako ma ya ishe su. A kan yumɓu da tangaran, kashe bugun guduma na injin hudar gaba ɗaya. Shi ne ke raba tulu biyu. A kan kankare mai kauri za a iya kunna shi, amma a kashe idan an kusa ɓullawa, don kada ya ɓalle babban yanki a ɗaya gefen.

Kifa tukunyar a kan yashi ko tsohon bargo. Manna salatif a inda za ka huda don kada bakin ya zame. Fara da ƙaramin baki, sannan ka faɗaɗa. Juya a hankali, kada ka danna, nauyin injin ya wadatar. Wani ya riƙa ɗiga ruwa a wurin, saboda zafi na kashe bakin daimon kuma yana tsaga sheƙi. Tunda ruwa ya shigo maganar, injin huda mai batir ya fi aminci. Sa tabarau da takunkumin hanci, ƙurar kankare da ta dutse na ɗauke da silika mai lalata huhu.

Mutum-mutumin siminti sau da yawa akwai waya ko rodi a cikinsa. Idan ka ji bakin ya ci karo da ƙarfe, tsaya ka sauya kusurwa. Kuma hanya mafi gajarta ita ce daidai: daga ƙeya zuwa baki, tiyon ya hau ta bayan abin, ya fi a ce sai an rarake shi tun daga ƙafa har kai.

Da me zan toshe gefen tiyon a cikin hudar?

Da silikon ɗin da ake haɗa akwatin kifi na gilashi. Na banɗaki da na kicin galibi akwai maganin hana fumfuna a cikinsu, shi ma dafi ne ga kifi. Wurin ya bushe sarai kafin a shafa, a kuma ba shi awa 24 zuwa 48 kafin ruwa ya taɓa shi. Ya fi kyau a kafa guntun bututun PVC a cikin hudar a like shi, sannan a ɗaura tiyon a jikin bututun daga waje. Ran da tiyon ya toshe ko ya tsufa, sai a zare shi kawai ba a taɓa likin ba.

Ba na son in huda shi. Akwai wata hanya?

Akwai. Kwantar da tulun a gefensa a bakin tafki, shigar da tiyo ta bakinsa har can ciki, ka rufe tiyon da tsakuwa; ruwan zai taru ya zubo ta leɓen kamar tulun ne ya faɗi. Kasko kuma a ɗora masa tiyo ta baya a ɓoye shi da ganye, a ɗan karkata shi gaba. Baƙin tiyo ya fi ɓoyuwa, kuma gansakuka ba ta tsirowa a cikinsa kamar yadda take yi a garai-garai da haske ke ratsawa.

A tsakiyar tafkin zan kafa shi, ko a bakinsa?

A ciki ya fi kwanciyar hankali ta fuskar ruwa, domin duk abin da ya ɗiga ko ya fantsama a tafkin zai faɗa. Matsalarsa nauyi. Kankare mai faɗi, tsawo da tsayin mita ɗaya yana kai kilo 2,400, don haka ɗan mutum-mutumin da ido ke rainawa zai iya wuce kilo 50, randa kuma a ƙara mata kilo ɗaya a kan kowace litar ruwan da ta ɗauka. Idan ƙasan tafkin shimfiɗar roba ce, ko EPDM ko PVC, kaurinta kusan milimita ɗaya ne ko ƙasa da haka. Kada bulo ya zauna a kanta kai-tsaye. A fara sa ragowar robar ninki biyu ko uku, ko kyallen da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinta, sannan faffaɗan falalen dutse, sannan a jera bulo har gindin abin ya zo daidai fuskar ruwa. Bulon siminti shi ma sai ya bi ta gwajin da aka bayyana a tambayar kankare.

A baki kuwa gyara ya fi sauƙi, ba sai ka tsunduma ba. Amma a nan ne ake asarar ruwa. Ruwa ba ya faɗowa yadda ka zana a ranka. Wani yakan bi leɓen ya zagaya ta ƙarƙashi, ya gangara ta jikin abin ya shige ƙasa ba wanda ya gani. Maganinsa a shimfiɗa roba a ƙarƙashin abin gaba ɗaya, a ɗaga gefunanta, a gangarar da ita zuwa tafkin ta hau kan tsohuwar shimfiɗa, kuma bakin zubar ya leƙo sosai a kan ruwa. Ɗan layin silikon a ƙarƙashin leɓen yana katse ruwan da ke son zagayawa.

Ko ina ka zaɓa, nisanta shi da bado. Ganyensa ba ya son a riƙa watsa masa ruwa, kuma ya fi son inda ruwa ke kwance.

Wane girman inji zan saya?

Lamba biyu ake dubawa a kwalin: lita nawa yake turawa a awa, da iyakar tsayin da yake iya ɗaga ruwa. Inda mutane ke kuskure shi ne zaton zai ba da duka biyun lokaci guda. Lita 1,000 a awa da aka rubuta, wannan idan babu hawa ko kaɗan ne. Tsayin mita 1.5 da aka rubuta kuwa shi ne inda ruwan ke tsayawa cak, ko ɗigo ba ya fita. Masu ƙera inji na kirki suna sa jadawali da ke nuna abin da zai bayar a kowane tsayi, shi za ka karanta.

Auna tsayin daga fuskar ruwa zuwa inda zai fito, ba daga inda injin ke zaune ba. Ƙara kamar santimita 10 a kan kowace mita ta tiyo saboda gogayya. Sai ka nemi injin da iyakarsa ta kusa ninka abin da ka samu. Siririn ruwa daga bakin kwaɗo lita 200 zuwa 400 a awa sun ishe shi. Randar da ake so ruwa ya lulluɓe jikinta ko'ina tana cin fiye da haka ƙwarai, ta kai 1,000 ko ta wuce gwargwadon faɗin bakinta. Tiyo ma ya dace da bakin injin. Wanda ya sa na milimita 12 inda ake son na 19 ya shaƙe injinsa da hannunsa.

Idan wannan injin ne kuma zai juya ruwan tafkin duka, sai an san yawan ruwan. Tsawo sau faɗi sau zurfi a mita, sau 1,000. Tafki mai mita 2 da 1.5 da zurfin rabin mita lita 1,500 ke nan, a cire kamar kashi ɗaya cikin biyar idan gefunansa masu gangara ne. Ana so ruwan duka ya zagaya sau ɗaya a cikin awa ɗaya zuwa biyu. In kana shakka tsakanin inji biyu, ɗauki babban ka sa masa bawul a tiyon fita. Rage ƙarfi abu ne mai yiwuwa, ƙarawa kuwa sai sabon saye. Ta wajen fita ake ragewa, kada a taɓa toshe inda yake shan ruwa.

Randata ta gefe ɗaya take zubarwa, kuma da na kashe inji sai tafkin ya cika ya batse. Me ya faru?

Matsala biyu ce. Ta farko rashin daidaito: bambancin milimita biyu ko uku a bakin randa ya isa ruwa ya tattara ya bi gefe guda. Ɗora lebul ɗin magina a bakinta ta fuska biyu, ka riƙa cusa 'yan ɓallin roba ko na tayil a gindi, injin na aiki, har ka ga jikin ya jiƙe ko'ina. Randar hannu da ƙyar bakinta ke zama daidai, wani lokaci sai an goge tudun da dutsen wasa wuƙa, ko a ƙara ƙarfin ruwan ya rufe aibin.

Ta biyu kuwa, da inji ya tsaya ruwan cikin randar yana komawa ta tiyon da ya hau. Randa mai lita 60 za ta ɗaga tafki mai faɗin murabba'in mita 3 da santimita 2, mai murabba'in mita ɗaya kuwa da santimita 6. Abin da ya malala ya tafi ke nan, da an kunna kuma randar ta sake ɗibar 60 ɗinta. Gyaran shi ne a tsayar da bututu a cikin randar daga hudar gindi zuwa santimita 3 ko 5 ƙasa da baki, a like gindinsa da kyau. Ruwan da ke saman bututun ne kawai zai koma. Amma fa randar za ta zauna a cike, don haka duba tambayar sauro da ta sanyi.

Wuta da ruwa a wuri ɗaya, ba haɗari?

Haɗari ne, kuma nan ne ba a yin dabara. Soket ɗin da injin zai sha wuta ya kasance bayan na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa, wadda ake kira RCD a wasu ƙasashe, GFCI a Amurka. A yawancin ƙasashe mai miliamfa 30 ake sawa. Birekar gida ta yau da kullum waya take karewa daga ƙonewa, ba ta hana wuta jan mutum. Injin ya zama wanda aka ƙera don nutsewa, mai alamar IP68 ko IPX8. Soket ya zama na waje mai murfi, a sama da ƙasa. Wayar da za ta bi ƙasa a zura ta a bututu, kuma ma'aikacin lantarki ya yi aikin. Ba a haɗa waya da salatif a binne ta a gefen ruwa.

Injin da ke aiki da bolt 12 ko 24 ta hanyar taransifoma ya fi dacewa da gidan da ke da yara. Kowane iri ne dai, a zare fulogi kafin a sa hannu a ruwan, ko da ganye ɗaya za a tsamo.

Injin sola fa?

Don ado kawai, ya yi. Marar batir yana bin rana: gajimare ya gifta ruwan ya rage, magariba ta yi ya tsaya. Galibinsu kuma ba sa ɗaga ruwa da nisa. Idan kifi sun dogara da motsin ruwan, sai mai batir, saboda dalilin da ke cikin amsa ta gaba.

In riƙa kashe shi da dare?

Idan babu kifi, kashe abinka. Idan akwai, dare ne lokacin da suka fi buƙatarsa. Da rana tsirran ruwa da gansakuka suna fitar da oksijin, da dare kuwa su ma shaƙa suke yi, don haka iskar ta fi ƙaranci gab da asuba. Zafi na ƙara tsananta abin: lita ɗaya ta ruwa mai digiri 10 tana riƙe kusan miligiram 11 na oksijin, a digiri 20 kusan 9, a digiri 30 kuwa wajen 7.5. Kifin da ka tarar da safe sun taru a sama suna haki, iska suke nema.

Wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba. Inji mai wat 20 da ke aiki awa 24 bai cika rabin yunit a yini ba, kusan yunit 14 ke nan a wata. Sai dai a sani, abin ado ba matata ba ne. Yana motsa ruwa, ba ya cire ƙazanta. Tafki mai kifi da yawa yana buƙatar matata ta daban, inda ƙwayoyin bakteriya ke juya amoniya zuwa abin da ba ya cutarwa sosai, kuma su ma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su kafu.

Ruwa na raguwa kullum tun da na kafa shi. Yoyo ne ko rana ce?

Raguwa kaɗan dole ce. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce, don haka tafki mai murabba'in mita 3 da rana ta shanye masa milimita 5 ya rasa lita 15 a yini ba tare da ya huje ba. Ruwan da ke shimfiɗe a jikin randa mai zafi kuma ya fi saurin tashi. Don rarrabewa, cika bokiti ka ajiye a gefen tafkin, yi alama a duka biyun, kashe injin na awa 24 idan kifi za su jure. In sun sauka daidai, rana ce. In tafkin ya fi sauka, shimfiɗar ce ta huje, kuma wurin farko da za a duba shi ne ƙarƙashin abin da ka ɗora. In kuwa sai an kunna inji yake sauka, to laifin na abin adon ne: fantsama, ko mahaɗin tiyo, ko ruwan da ke zagayawa ta baya kamar yadda aka bayyana a tambayar wurin kafawa.

Fantsama tana tafiya nesa kusan gwargwadon tsayin da ruwan ya faɗo, iska kuma ta ƙara mata. Ruwan da ke faɗowa daga rabin mita yana son aƙalla rabin mita na tafki ta kowane gefe. Shimfiɗa jarida a kewaye na minti goma, za ta nuna maka inda yake zuwa.

Abu ɗaya da nake ganin bai kamata kowa ya tsallake ba: ɗora injin a kan bulo, kada ya zauna a can ƙasa. Ran da kyanwa ta ture tulun ko tiyo ya kwance, inji mai lita 1,000 a awa zai kwashe tafki mai lita 1,200 cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Wanda ke kan bulo zai bar wa kifi ruwan da ke ƙasa da shi, kuma ba zai riƙa zuƙar laka ba. Wajen ciko da ruwan famfo, a tuna da kilorin. Shi yakan fita idan ruwa ya kwana ɗaya ko biyu a buɗe, amma kiloramin da wasu hukumomin ruwa ke sawa ba ya fita haka, sai da maganin cire shi.

Ba zai tara mini sauro ba?

Ruwa mai motsi ba ya yi wa sauro daɗin ƙwai, kuma kifi na cinye tsutsarsa. Inda yake samun dama shi ne lungunan da ka manta: cikin randar da aka kashe wa inji, ramin da ke bayan mutum-mutumi, ruwan da ya kwanta tsakanin duwatsu. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi mako ɗaya ne zuwa kwana goma. Idan za ka yi tafiyar da ta kai haka, bar injin a kunne ko ka juye randar. Tafki marar kifi ana sa masa Bti, wata bakteriya da ke kashe tsutsar sauro ba ta taɓa kifi, kwaɗi ko tsuntsaye. Kada a zuba mai ko maganin feshi.

Jikinsa ya yi kore, ga kuma wani farin ɓawo. In wanke da me?

Koren gansakuka ce, kuma siririn lulluɓinta a jikin dutse ni ban ga abin ƙi a ciki ba, shi ke sa abin ya zauna da wurin kamar ya daɗe a nan. Mai dogon gashi da ke toshe baki a cire ta da buroshi da ruwan tafkin. Idan ta yi yawa, ana ba kifi abinci fiye da kima ne, ko rana ta yi wa wurin yawa. Tsirran da suka rufe kamar rabin fuskar ruwa suna rage ta.

Farin ɓawon ma'adinan ruwa ne da suka bushe. Ruwan khal ko na lemon tsami yana narkar da shi, amma a fitar da abin daga tafkin tukuna, a ɗauraye sosai. Kada a bar tsamin ya jima a kan mabul ko kankare, yana cin su. Sabulu da bilic ba sa zuwa kusa da tafki.

Ƙarar ruwan ta yi yawa, ko ba ta da daɗi. Ana gyarawa?

Ana gyarawa, kuma nan ne wasan yake. Siririn ruwa da ke faɗawa kai-tsaye cikin zurfi yana ba da ƙara ɗaya tilo marar sauyi, wadda kan gundure kunne da dare. Sa falalen dutse a inda yake sauka, ƙarar ta watse ta yi taushi, amma fantsama ta ƙaru. Rage tsayin faɗuwa, ta yi ƙasa. Rataya sarƙar roba ko ka jingina dutse ruwan ya bi jikinsa, ta kusa ɓacewa. Rami a bayan inda ruwan ke faɗowa yana ƙara mata amo. Gwada da dare kafin ka kafe komai, ka kuma tsaya a inda tagar maƙwabci take ka saurara.

Ina da ƙananan yara. In haƙura?

Da buɗaɗɗen tafki, ƙwarai kuwa, sai dai in an kewaye shi da shinge mai ƙofar da ke kullewa, ko an sa raga mai ƙarfi da za ta ɗauki nauyin yaro a fuskar ruwan. Ruwa mai zurfin santimita 5 ya isa ya halaka yaro mai rarrafe ko tatata, kuma abin na faruwa shiru, babu kuka. Ƙarar ruwa kuwa kiran yara take yi.

Abin adon dai ba sai an haƙura da shi ba. Binne babban baho, sa injin a ciki, rufe da ragar ƙarfe mai ƙwari, ɗora abin a kan bulon da ya taso daga cikin bahon, ka rufe ragar da tsakuwa. Ruwa zai fito ya nutse cikin tsakuwar, babu inda ya kwanta a fili. A bar ɗan murfi na leƙa ruwa da ciro inji. Dogon abu mai nauyi a sama kuma a kafe shi da sanda ta ciki, don yaro zai rungume shi ya ja.

Inda ruwa ke daskarewa da sanyi, me ake yi?

Ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara. Yumɓu marar sheƙi ya fi kowa shan wahala, saboda ruwan a cikin jikinsa yake. Kafin sanyin farko a juye randa, a kifa ta ko a shigar da ita ciki, a zare tiyo a tsiyaye shi. Injin a wanke a ajiye inda ba ya daskarewa. Idan akwai kifi, a tabbatar akwai ɗan wuri a buɗe a fuskar ƙanƙarar don iska ta fita, amma ba da guduma ba, girgizar na cutar da su.

Ruwan ya rage ƙarfi bayan 'yan makonni. Injin ya mutu ne?

Da wuya. Zare fulogi, ciro shi, buɗe murfin gaba ka wanke soson da ruwan tafkin. Bayan soson akwai 'yar farfela mai maganaɗisu wadda ke zarewa da hannu; zaren gansakuka, yashi ko ɗan katantanwa sukan naɗe ta. Goge ta da ramin da take zama da tsohon buroshin haƙori, in akwai farin ɓawo a jiƙa ta a ruwan khal na awa ɗaya. Sannan bi tiyon da hannu ka ga ko ya lanƙwashe a ƙarƙashin dutse, ka hura shi ta baya. A lokacin zubar ganye wannan wankin kowane mako biyu ne, sauran lokuta sau ɗaya a wata ya isa. Idan yana gurnani ba ya turo komai, duba ko ruwa ya sauka ƙasa da bakinsa: ruwan ne ke sanyaya shi, kuma aiki a bushe na ɗan lokaci ya isa ya ƙona shi.